Ambaliya ta wuce, tsoro bai wuce ba: halin da samari da ƴan mata ke ciki bayan ruwa ya kore su daga gida

   

Yau zancenmu a kan ambaliyar ruwa yake. Gidajen da suka faɗi an ƙidaya su. Rumbunan da ruwa ya ci da bisashen da suka mutu, su ma an rubuta su. Saura abu guda da ba ya shiga takardar ƙidaya, shi ne halin da samari da ƴan mata ke shiga a zuci in ruwa ya kore su daga gidajensu. Ku matso kusa da radiyo. Duk mai ɗa ko ɗiya da suka fara tasowa, wannan magana tasa ce.

Ruwan da muka gani

Tsofaffinmu fari suka sani. Sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 daga bakin kakanninsu. Sun ga farin 1973 da 1974 da idonsu, lokacin da makiyaya suka rasa dukiyarsu suka taru a Lazare, gefen birnin Yamai. Sun ga na 1984. A waɗannan shekaru addu'ar kowa ita ce Allah ya kawo ruwa.

Ƴaƴanmu na yau wani abu dabam suka taso suka tarar. A farkon Satumba na 2009 ƙoramar Telwa ta ɓalle ta shiga garin Agadas. A 2010 da 2012 kogin Isa ya hau unguwannin Yamai. A Satumba na 2020 ruwan kogin ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba kafin nan. Madatsa ta fashe, ruwa ya mamaye Lamorde da Karaje da Kirkisoi a Harobanda. A Difa kuma Komadugu ta cika ta malala a 2019 da 2022.

Damanar 2024 ta fi su duka muni. A ƙarshen Agusta, ruwa wajen milimita 150 ya zuba a birnin Maraɗi cikin ƙasa da awa 2. A farkon Satumba tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara 100 a tsaye, ya rushe. Ƙidayar hukuma ta nuna kusan mutum 400 sun rasu a wannan damana, fiye da miliyan 1 da rabi kuma abin ya shafe su. Har komawa lakkwal sai da aka ɗaga, daga 2 ga Oktoba zuwa 28, domin wasu azuzuwa sun faɗi, wasu kuma cike suke da mutanen da suka rasa wurin kwana.

Me ya kawo haka? Duniya tana ƙara zafi, iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar tururin ruwa, shi ya sa ruwan da a da yake sauka cikin kwanaki yanzu yakan zuba cikin dare guda. Itatuwa sun ragu, ƙasa ta ƙeƙashe, ba ta shan ruwa, sai ya gangara da gudu yana cika gulbi da rairayi. Sannan a shekarun fari mutane sun gina gidaje cikin kwari da bakin gulbi, suna zaton ruwa ya bar wurin ke nan. Ashe ruwa bai manta hanyarsa ba.

Wanda ake mantawa da shi

Idan masifa ta auku, jariri ana goya shi. Tsoho ana riƙe masa hannu. Mai gida shi ake rubuta sunansa, shi ake ba buhun hatsi da tabarma da gidan sauro. To, ɗan shekara 14 fa? Ya wuce goyo, bai kai a yi shawara da shi ba. Ana aikensa ɗebo ruwa, ana sa shi bin layin taimako, ana ce masa ya kula da ƙannensa. Ba mai tambayarsa yadda ya kwana.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tana kiran ƴan shekara 10 zuwa 19 masu tasowa. Ta ce a duniya, cikin kowane 7 daga cikinsu akwai 1 da ke fama da wata damuwa ta hankali, ko da babu wata masifa. An kuma lura rabin irin waɗannan cututtuka tun kafin mutum ya wuce shekara 14 suke somawa. A ƙasarmu kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Ke nan duk inda kuka ga an tsugunar da waɗanda ruwa ya kora, mafi yawansu yara ne da matasa.

A waɗannan shekaru jiki yana canzawa, hankali bai gama nuna ba. Yaro yana neman sanin ko shi wane ne. Abin da yake jingina da shi bai wuce huɗu ba: gidansu, abokansa, karatunsa ko sana'arsa, da kuma ganin cewa iyayensa suna da ƙarfin kare shi. Ambaliya takan kwashe duka huɗun cikin dare guda. Gida ya faɗi. Abokai sun watse, kowa da inda aka kai shi. Lakkwal ta rufe. Uban da yake gani kamar dutse, ga shi zaune ya yi tagumi.

Misali biyu

Mu ɗauki misali. Ga yaro ɗan shekara 14. Cikin dare bango ya faɗi. Shi ya saɓa ƙanensa a wuya, ya ratsa ruwa har ƙirji ya fitar da shi. Da gari ya waye tumakin da yake kiwo babu su, littattafansa sun zama laka. Aka kai su wani aji na lakkwal, gida 4 cikin ɗaki guda. Kowa ya yaba masa, aka ce namijin duniya ne. Bayan wata guda, da hadari ya taso sai a ga jikinsa yana rawa. Da dare ba ya barci, yana zaune yana kallon bango. Ƙanen nan da ya ceta, in ya taɓa shi kaɗan sai ya kai masa mari. Uban ya ce yaro ya lalace, ya ɗauko bulala.

Ga kuma ɗiya ƴar shekara 13. A wurin da aka sauke su babu inda za ta kewaya ta yi wanka ko ta canza zane ba tare da ido ba. Salga guda ce ga mutane da yawa, ga ta nesa, ba fitila. Sai ta rage shan ruwa don kada ta je can da dare. A nan al'ada ta fara zo mata, ba ta da tsumma mai tsabta, kunya kuma ta hana ta faɗa. Wata rana ta ji manya suna zancen a aurar da ita domin a rage baki. Daga nan ta daina magana. Kullum kanta na ciwo, cikinta na ciwo. Uwar ta ce iskoki ne suka biyo ta daga ruwa.

Jama'a, wannan yaro bai lalace ba. Wannan yarinya ba ta haukace ba. Rauni ne gare su, raunin da ba ya zubar da jini.

Yadda abin yake aiki a jiki

Allah ya halicci mutum da abin tsare kansa. In haɗari ya zo, zuciya takan buga da sauri, numfashi ya ƙaru, barci ya gudu, jiki ya shirya gudu ko kokawa. Wannan shi ya ba yaron nan ƙarfin ɗaukar ƙanensa. In haɗari ya wuce, jiki yakan koma daidai sannu a hankali. Mafi yawan matasa suna warwarewa cikin ƴan makonni, muddin suna tare da danginsu, sun samu abinci da wurin kwana, an kuma kula da su.

Ga wasu kuwa jikin ba ya yarda cewa haɗarin ya wuce. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka ƙarar aradu, ko ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko ɗigon ruwa a kan kwano, kan mayar da yaro cikin daren nan kamar yanzu abin yake faruwa. Ba da gangan yake yi ba, ba kuma ragwanci ba ne.

Akwai abubuwan da ke ƙara nauyin abin: in yaro ya ga mutuwa da idonsa, in ya rasa uwa ko uba ko aboki, in aka raba shi da danginsa, in zaman gudun ya daɗe, in wannan ne karo na biyu ko na uku da ruwa ya kore su. Sau da yawa wahalar da ke biyo baya, wato yunwa da cunkoso da zaman banza da faɗan iyaye, ta fi daren ambaliyar kansa cin rai.

Alamomin da za ku lura da su

Labarin zuciya a tambayi fuska. Matashi ba zai zo ya ce muku yana cikin damuwa ba. Ku za ku gani. Malamai, ku rubuta waɗannan a allo, a karanta su tare:

1. Rashin barci, ko mugun mafarki, ko firgita cikin dare. Wani har fitsarin kwance yakan dawo masa, alhali ya daɗe da bari.
2. Rashin cin abinci da ramewa.
3. Ciwon kai, ciwon ciki ko faɗuwar gaba, an auna ba a ga cuta ba.
4. Shiru da keɓewa. Ya bar abokai, ya bar ƙwallo, ta bar dandali.
5. Saurin fushi, faɗa, gardama da manya.
6. Mantuwa da rashin natsuwa. Ɗan lakkwal mai ƙoƙari ya koma baya.
7. Ɗora wa kai laifi. Ya riƙa cewa da ya farka da wuri da ba a rasa wane ba.
8. Fara shan tramol, ko shaƙar sholisho, ko wasu ƙwayoyi.
9. Zancen mutuwa, ko cewa gara ba a haife shi ba.

Ɗaya ko biyu daga cikin na farko, a makonnin farko, ba abin tada hankali ba ne. Amma in sun wuce wata guda, ko suna ƙaruwa, ko sun hana yaro harkokinsa, to, a tashi tsaye. Ta 8 da ta 9 kuwa ba a jiran wata guda a kansu.

Kurakuran da muke yi

Na farko, duka. Bulala ba ta korar tsoro, ƙara shi take yi. Yaron da ake duka saboda firgita zai koyi ɓoyewa, ciwon kuma ya ci gaba da cinsa a ciki.

Na biyu, rufe baki da kalmar haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, yarda da ƙaddara kuma wajibi ne. Amma kuka ba rashin imani ba ne. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi kukan ɗansa har ganinsa ya tafi. In muka ce wa yaro ya yi haƙuri, mu bar shi ya faɗi abin da ke ransa tukuna.

Na uku, sayen ƙwayar barci wurin masu yawo da magani a kwali. Waɗannan ƙwayoyi suna kama jiki, mutum ya kasa bari. An je neman sauƙi an ɗauko wata cuta.

Na huɗu, ɗaure yaro, ko kulle shi, ko turara masa hayaƙi har ya galabaita, da sunan fitar da iska. Addu'a muna yinta, kuma tana da amfani. Amma addu'a ba ta hana zuwa gidan likita.

Na biyar, cire yara daga karatu. In dukiya ta tafi, uba yakan ga mafita biyu: a aurar da ɗiya, a tura ɗa biɗa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna ƴan mata 3 cikin 4 a Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Masifa takan ƙara matsa iyaye su gaggauta. Mun san talauci ba wasa ba ne, ba kuma muna zargin kowa ba. Amma ku duba: yarinyar da ta rasa gidansu jiya, yau a raba ta da uwarta da ƙawayenta a kai ta gidan da ba ta sani ba, ai an sake yi mata wata ambaliya. Yaron da aka tura Kano ko Agadas ko Libiya da tsoro cike da ciki, ba mai lura da shi, shi ne abincin masu sayar da ƙwaya.

Abin da ya kamata mu yi

A 2011 OMS da wasu ƙungiyoyi sun fitar da jagora kan taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali. Sun taƙaita shi cikin kalmomi 3 da kowa zai iya riƙewa: duba, saurara, haɗa. Ba sai likita ba. Uwa za ta iya, kawu zai iya, maƙwabci zai iya.

Duba. Wa ya yi shiru? Wa ba ya cin abinci? Wane yaro ne ba shi da babba tare da shi? Wace yarinya ce ba ta da wurin kewayawa?

Saurara. Ku nemi wuri da ba idon jama'a. Matashi ya fi sakin baki in hannu yana aiki: wurin kwaɓa ƙasa, wurin sussuka, kan hanyar rijiya. Kada ku tsare shi da tambaya. Kada ku tilasta masa ya maimaita abin da ya gani, domin tilastawa tana fama ciwo. Ga yadda uba zai iya buɗe zance:

— Ɗana, na lura kwanan nan barci ba ya ɗaukarka.
— Ba komai, Baba.
— To. Ni ma daren nan bai fita raina ba. In hadari ya taso sai in ji gabana ya faɗi. Ka sani ba laifinka a cikin abin da ya faru. Ranar da ka so magana, ina nan.

Ko yaron bai ce komai ba ran nan, ya ji. Wata rana shi zai zo da kansa. In ya zo, kada a katse shi, kada a yi masa dariya, kada kuma a kai zancensa dandali. Haka uwa ko gwaggo za ta zauna da ɗiya, ta tambaye ta abin da take buƙata na mata, ta kuma tambaye ta a hankali ko akwai mai takura mata.

Haɗa. A haɗa yaro da danginsa in an rabu. A haɗa shi da abokansa, da malaminsa, da gidan likita in da buƙata.

Bayan waɗannan uku, ga wasu abubuwa da aka ga amfaninsu.

A mayar da tsarin yini. Lokacin tashi, lokacin salla, lokacin abinci, lokacin kwanciya, su zama kamar da, ko a bukka ake. In yaro ya san abin da zai faru gobe da safe, hankalinsa yakan fara kwanciya.

A gaya musu gaskiya. In ba ku san ranar komawa gida ba, ku ce ba ku sani ba. Alkawarin ƙarya yana kashe yarda.

A ba su aiki mai daraja, daidai ƙarfinsu, a kuma yi shawara da su. A nan ne babban maganin yake. Ruwa ya nuna wa yaro cewa ba shi da iko a kan komai. In ya buga tubali ya ga bango ya tashi da hannunsa, in ta koya wa ƙananan yara karatu ƙarƙashin icce, sai su ga ashe suna da amfani. Amma aiki ya zama tare da godiya da hutu. Kada a mai da su bayi.

A bar su su yi wasa. Ƙwallo, kokawa, langa, dara, gaɗa, tatsuniya da dare. Kada wani ya ce ana cikin masifa ana wasa. Dariyar yaro alamar warkewa ce.

In tsoro ya taso masa, a zaunar da shi, a riƙe masa hannu. Ya ja numfashi ta hanci a hankali yana ƙirga 4, ya sake shi ta baki yana ƙirga 6. Ya yi haka kamar sau 10. Bugun zuciya zai ragu.

Iyaye, ku ma ku kula da kanku. Yaro fuskarku yake karantawa. In faɗa ya kama tsakanin miji da mata saboda ƙuncin zama, a yi shi nesa da kunnen yara.

Aikin shugabanni da malamai

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu gari, masu unguwa, limamai da shugabannin mata, in an tsugunar da mutane a wurinku, ku tabbata an raba salgar maza da ta mata, an sa fitila, an yi wa mata shinge na zana inda za su yi wanka. In za a kafa kwamitin rabon taimako, a sa saurayi guda da budurwa guda a ciki. Su suka san abin da ke damun ƴan uwansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuma sa ido kan duk wanda zai nemi yarinya da lalata a bakin buhun shinkafa. Irin wannan a kai shi gaban hukuma, kada a rufa masa asiri.

Malaman lakkwal da na makarantun allo, ku buɗe karatu da wuri, ko a rumfa ne. Yaron da ya zo ba littafi, ba takardar haihuwa, kada a kore shi. A karɓe shi, a taimaki iyayensa su nemi wata takardar wurin hukuma. Wanda ya koma baya a karatu, a ja shi a jiki maimakon a kunyata shi gaban aji.

Ku kuma da kuka koyi karatu da rubutu, ga inda iliminku zai yi aiki. Ku ɗauki takarda ku rubuta sunayen matasan da ruwa ya kora a garinku ko unguwarku: shekarunsu, ajin da suke, wanda ke riƙe da su. In aka buɗe lakkwal, ku duba wa ya koma, wa bai koma ba. Wanda bai koma ba, ku je gidansu ku ji dalili. Wanda aka rubuta sunansa ba ya ɓata a banza.

Samari da ƴan mata da ke saurarenmu, ku ma ga taku. Abin da kuke ji ba hauka ba ne, kuma ba ku kaɗai ba ne. Ku nemi babba guda da kuka yarda da shi ku gaya masa. In abokinku ya ce muku ya gaji da duniya, kada ku riƙe masa wannan sirri. Faɗa wa babba shi ne amana.

Yaushe za a je gidan likita?

A tafi nan da nan, ba jira, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: yaro yana zancen kashe kansa ko ya gwada, ya daina ci da sha, yana jin muryoyi ko yana ganin abin da ba kowa ke gani ba, bai san inda yake ba, an yi masa fyaɗe ko wani cin zarafi. In ruɗewar ta zo da zafin jiki ko suma, a yi gaggawa ƙwarai, domin bayan ambaliya sauro yakan yi yawa, masassarar cizon sauro kuma tana iya hawa kai.

In kuna shakka, ku tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari na gona da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai.

Ku fara da gidan likita mafi kusa, ku gaya wa majo duk abin da kuka gani, kada ku tsaya kan ciwon kai kawai. In abin ya fi ƙarfinsa, zai tura ku babbar likita ta jiha. A babbar likitar ƙasa ta Yamai akwai sashe na musamman na masu ciwon hankali. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Ciwon hankali ciwo ne kamar sauran, yana da magani, kuma wanda aka kai da wuri ya fi saurin warkewa.

Kafin wata damana

Rigakafi ya fi magani. Tun da rani ku zauna da ƴaƴanku ku tsara: in ruwa ya zo cikin dare, ta ina za a fita, a wane tudu za a haɗu, wa zai ɗauki wa. Ku sa takardun haihuwa da na lakkwal cikin leda, ku rataye su sama. Ku sa matasa cikin aikin yashe magudanan ruwa da dasa itatuwa. Ku riƙa sauraren sanarwar ma'aikatar hasashen yanayi a radiyo. Yaron da ya san abin da zai yi, tsoronsa ba ya kai na wanda abin ya auko wa bagatatan.

Ku kuma kai su wurin kakanninsu. Waɗanda suke ƴan shekara 14 a farin 1974, yau su ne dattawan gari. Sun san yadda ake barin gida ba shiri, sun san yadda ake sake ginawa. Jika ya ji wannan daga bakin kakansa, ya fi jawabin radiyo goma.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A garinku ko unguwarku, matasa nawa ne ruwa ya taɓa kora daga gida? Nawa suka koma karatu?
2. Cikin alamomi 9 da muka lissafa, waɗanne kuka taɓa gani? Me aka yi wa yaron?
3. In uba ya ce zai aurar da ɗiyarsa saboda ruwa ya ci rumbunsa, wane taimako jama'ar gari za su iya yi masa don ya jinkirta?
4. Wane aiki za ku damƙa wa samari da ƴan mata kafin damana mai zuwa?

Malamai, ku tattara amsoshin ku rubuto mana, za mu karanta su a shiri na gaba. Kafin nan, yau da dare, kowane uba da kowace uwa su dubi ɗansu ko ɗiyarsu su tambaye su yadda suke kwana. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mana zuri'a. Mu kwana lafiya.